Katunan da Na Rubuta wa Elbio

Fairfield, Sydney
12 ga Mayu, 1996

Zuwa ga Yayata Nilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafar? Kin ce sanyi ne ke tayar miki da ita, ga shi kuwa ya fara shigowa, nan da can duka. Ki riƙa sa safar ulun da na aiko miki, ba don ta kwana a akwati na saye ta ba.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Kin yi mini faɗa cewa tun da na buga miki waya daga asibiti ban sake cewa uffan ba, kuma gaskiyarki ce. To ga labari. Mako biyar ke nan da aka sallamo maigidana Elbio bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Ƙafar dama ta fara ɗaukarsa, yana zagaya filin da ke bayan gidanmu da sanda. Hannun dama kuwa har yanzu kamar na aro. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin. Turancin da ya tara cikin shekara ashirin da biyu a ƙasar nan ya tafi kakaf. Sifaniyancinmu ma sai tsinta-tsinta. Yana fahimtar duk abin da aka faɗa masa, sai dai in ya nemi kalma ta ɓuya. Zai ce cokali, sai ya ce taga. Abu ɗaya da ciwon bai taɓa ba shi ne ashar. Zagi yana fita daga bakin mutumin nan sumul, babu ko gargada. Likita ya ce haka abin yake, kada in ji kunya.

Akwai wata malamar koyar da magana da ke zuwa mana Talata da Juma'a, sunanta Bronwyn. Doguwa ce mai haƙuri, ba ta jin yarenmu sai gaisuwa, don haka ni ke yi musu tafinta. Da farko ta zo da katuna masu hotuna, su kare, su kujera, su tuffa. Elbio ya dube su, ya dube ta, ya mai da fuska bango. A zuwa na uku ta biyo ni kicin ta ce, "Mijinki ba yaro ba ne, kuma ya san da haka. Me ya fi iyawa a duniya? Rubuto mini kalmomin abin."

Ke ma kin sani, me Elbio ya fi iyawa in ba tara mutane ba? Tun muna gida a Paysandú haka yake, kuma zuwanmu nan bai canja shi ba. Kowace Lahadi wuta a filin bayan gidanmu, nama a kan wayar gashi, mutum goma sha biyar, wani lokaci ashirin. Sai na yanka kwalin takalmi na rubuta kalmomi biyar. Wahalar da na sha ita ce yi wa Bronwyn bayani, don su kusan kalma ɗaya suke yi wa abin gaba ɗaya. Na ce mata recibir shi ne ka buɗe ƙofa ka ce wa mutum shigo. Convidar kuwa ka miƙa masa daga abin da ke hannunka, ko da ƙoƙo ɗaya ne na shayinmu na mate. Agasajar ya fi haka nauyi, shi ne ka karrama baƙo, tsokar da ta fi kyau ta tafi farantinsa. Entretener ka riƙe shi da hira har ya manta da agogo, matarsa tana ta harararsa. Divertir kuma ka sa shi dariya har ya riƙe ciki.

Ta ce, "Har biyar? Ku ba ku da wani aiki sai baƙi?"

Na ce, "Shi dai ba shi da wani aiki sai baƙi. Aikin nawa ne."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Da muka jera masa katunan sai ya daɗe yana kallo, sannan ya sa hannun hagu ya jawo na ƙarshen. Ya karanta shi gaɓa-gaɓa, ya sake karantawa. Ita ce doguwar kalma ta farko da na ji ta fito daidai daga bakinsa wadda ba zagi ba. Bai yi murmushi ba, amma bai juya bango ba.

Kin tambayi labarin 'yarmu Silvana. Ta koma Brisbane, hutun da suka ba ta ya ƙare, tana bugo waya duk Asabar. Kin kuma tambayi ko abokansa suna zuwa. A yanzu hutu ya fi buƙata. Gidan shiru yake.

Ki gaida mini Chiquita da mijinta, da duk wanda ya tambaye ni.

Ƙanwarki,
Zulma


Fairfield, Sydney
7 ga Yuni, 1996

Yaya Nilda,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kuna lafiya, kuma ruwan da kika ce ya cika kogi ya janye. Mu nan lafiya lau ta jiki. Amma akwai maganar da na ɓoye miki a waccan takardar, kuma tun safe nake zagaya teburin nan kafin in iya zama.

Kin tuna Ademar, wanda suke kira Sanƙo, amininsa da muka hau jirgi ɗaya muka zo? Ya je duba shi a asibiti a makon farko. Elbio na ganinsa ya ja zanen gado ya rufe fuska, yana ta cewa a'a, a'a. Na fitar da Ademar, na ce masa likita ya hana baƙi. A ranar ban ɗauke ta ƙarya ba, rufin asiri na ɗauke ta. Mutumin da ya saba a yi dariya da shi, ban so a zo a tsaya a kansa ana girgiza kai.

Sai dai, Yaya, ban daina ba. Muka dawo gida na ci gaba da faɗar maganar. Na ɗauke wayar daga falo na mai da ita kicin. In na hango motar Ademar sai in yi sauri in tare shi a bakin ƙofar waje. Matarsa Chela ta aiko da miya da kek ya fi sau shida, ina juyewa a kwanonmu in ba Elbio, ban taɓa cewa daga ina suka fito ba. Kuma ban sake tambayarsa ko yana son ganin wani ba. Wata uku ke nan.

Yau da Bronwyn ta zo ta ce lokaci ya yi da zai fara haɗa jimla. Ta ɗaga katin recibir ta ce in tambaye shi wa yake karɓa a gidansa. Na tambaya. Ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Can ya ce, "Ba kowa."

Bronwyn ta ce madalla, ya ƙara. Ya nuna filin da muke tara baƙi da sanda ya ce, "Da, cike." Ya nuna ƙirjinsa. "Elbio ya lalace. Ba kowa." Sannan ya ce, "Sanƙo ma."

Ni ce tafinta, sai da na maimaita mata maganar da bakina. Ta rubuta a littafinta cewa ya haɗa kalma uku a jere, tana ta murna. Ashe duk tsawon lokacin nan da yake zama yana kallon hanya, a ransa mutanen da ya ciyar shekara ashirin sun yar da shi ne tun da ya daina ba su dariya.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Ina jin daɗin Lahadin nan. Shekara talatin da takwas da aurenmu, ban tuna Lahadin da na zauna a teburin gidana na ci abinci da zafinsa ba. Labaransa duk ta tagar kicin na ji su, hannuna cikin ruwan wanke-wanke. In baƙi suka watse shi ya gaji da magana, ni na gaji da tsayuwa. Ban taɓa kai ƙara ba, kin san yadda Mama ta rene mu. Amma yanzu muna zama a gindin lemon tsami, mu biyu, rana tana dukan bayanmu, yakan ɗora hannunsa na hagu a kan nawa. Ban taɓa samun mijina ni kaɗai ba sai da ciwo ya ba ni shi, kuma da na samu sai na kulle ƙofa.

Kada ki lallashe ni. Ki faɗa mini abin da kika gani.

Taki,
Zulma


Fairfield, Sydney
3 ga Yuli, 1996

Zuwa ga Yaya Nilda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata sanyin bana bai matsa muku ba. Na ji daɗin jin cewa an yi wa jaririyar Chiquita baftisma lafiya.

Amsarki ta zo, layi bakwai kacal, kuma ban ga lallashi a ciki ba. Na gode. Kin ce in gaya masa da bakina kafin wani ya riga ni. Na riga na gaya masa kwana biyu kafin takardar ta iso, amma da na karanta sai na ji kamar kina tsaye a bayana lokacin.

Ranar ana ruwa, ina soya masa 'yar fulawar nan da muke yi in sama ta rufe. Na kashe wuta na zauna a gabansa. Na ce, "Tsoho, Sanƙo bai yar da kai ba. Ya zo ya fi sau goma, ni na mai da shi. Miyar da ka ce ta yi daɗi ta Chela ce. Duk wanda ya bugo, ni na ce likita ya hana." Na so in tsaya nan, amma na ga in na tsaya rabin gaskiya ce. Sai na gaya masa sauran, har maganar tagar kicin da gindin lemo.

Ya dube ni har na rasa inda zan sa idona. Sannan ya buɗe baki. Ba zan rubuta miki abin da ya fito ba, amma bai bar kowa ba, har kakanninmu na Italiya sun samu rabonsu. Da ya gama ya tashi ya shige ɗaki.

Kwana uku bai ce mini komai ba. Na haɗa mate na miƙa masa, ya kau da kai. Ke kin san ma'anar wannan a wurinmu, gara ya mare ni. Bronwyn ta zo ranar Juma'a ya ƙi fitowa. Na gaya mata dalili a tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta kuma ce ban kyauta ba. Cewa ta yi, "Fushin nan ma magana ce. Bar shi ya gama."

A rana ta huɗu ina fere dankali sai na ji sandarsa a bayana. Ya nuna wayar ya ce, "Sanƙo." Na buga masa lamba na ba shi. Ina jin muryar Ademar daga inda nake, kin san ba ya magana a hankali. Yana ta cewa, "Wane ne? Wa ke magana?" Elbio ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ina ganin Ademar zai ajiye, sai Elbio ya ɗura masa ashar guda, irin wadda suke gaisawa da ita tun suna samari.

Sannan na ji Ademar ya ce, "Ashe kana nan da ranka, tsohon banza."

Elbio ya ce, "Lahadi."

"Wace Lahadin?"

"Nama. Kai."

"Ni zan kawo naman? Ciwon bai cire maka rowa ba ke nan."

Washegari na tafi gidansu da ƙafata na ba su haƙuri. Ademar ya yi ta murza hularsa. Chela ta ja ni kicin ta zuba mini shayi ta ce, "Zulma, ni na daɗe da ganewa. Wane likita ne ke hana baƙi wata uku? Na dai ce in kin shirya za ki buɗe." Na ce me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce, "Shekara nawa ina zaune a bayan gidanki ina dariya kina wanke farantina? Da wane bakin?"

An tsayar da Lahadin ƙarshen wata, don Bronwyn ta ce a ba shi lokaci ya shirya. Ya koma kan katunan da kansa, ina jinsa a ɗaki yana maimaitawa. Yana karɓar mate daga hannuna yanzu, amma bai sake zama da ni a gindin lemo ba. Ban san yadda za mu ƙare ba.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Zulma


Fairfield, Sydney
4 ga Agusta, 1996

Yayata Nilda,

Gaisuwa da ƙauna gare ki da dukan gida. Ina fata kin samu maganin ƙafar da na ba ɗan Ramona ya kawo miki. Ki shafa safe da yamma, kada ki raba wa maƙwabta.

An yi taron. Mutum shida kawai muka kira, Ademar da Chela, sai wasu ma'aurata biyu daga cikin tsofaffin abokan zama. Elbio ya aske gemu da kansa da hannun hagu, ya yanke haɓa wuri biyu, ya ƙi yarda in taɓa. Tun ƙarfe goma sha ɗaya yake tsaye a bakin ƙofa. Da Ademar ya fito daga mota suka tsaya suna kallon juna, sai Ademar ya ce, "Ka rame. Da ma ka fi ni muni, yanzu abin ya yi yawa." Elbio ya ce, "Shigo." Ya faɗe ta daidai, ba gyara.

Ademar ne ya gasa naman, Elbio na zaune kusa yana nuna masa da sanda inda zai ja garwashi, suna ta zagin juna. Ɗaya daga cikin mazan ya riƙa yi masa magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya. Elbio ya haƙura sau biyu, a na uku ya ce, "Ba kurma ba." Mutumin ya ji kunya, amma daga nan kowa ya saki jiki.

Bayan an ci aka ce ya ba da labarin akwati. Ban jin ya taɓa ba ki shi, don a nan ya samo asali. Ranar da muka sauka a ƙasar nan, ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatinmu ya tarar da kilo uku na ganyen mate, bai san ko mene ne ba. Yadda Elbio ke bayarwa, wai nan take ya nemi ruwan zafi ya haɗa wa mutumin, ya sha, suka rabu suna rungumar juna. Ya ba da shi ya fi sau ɗari, kullum da sabon ƙari.

Ina kicin na ji ya fara. "Jirgi. Akwati. Mutum, hula." Sai ya maƙale. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya maƙale a wuri ɗaya. Wurin ya yi tsit, babu mai motsa cokali. Abin da na yi wata uku ina gudu ke nan, ga shi ya zo. Na riƙe bakin famfo ina jira in ji ya tashi ya shige ɗaki.

Sai na ji an ƙwanƙwasa gilashin taga da sanda. Ya ce, "Zulma. Ke."

Na fito hannuna da kumfa. Na ce ni ban iya ba. Ya jawo kujerar da ke kusa da shi da ƙafa. Chela ta karɓe tsumman hannuna. To, Yaya, na zauna, kuma tun da ni aka ba, sai na ba da shi yadda ya faru. Na ce babu ruwan zafin da aka nema. Da mutumin ya ɗaga ganyen, Elbio ya yi fari fat, ya ja da baya taku biyu, ya nuna ni, ya faɗi jimlar Turancinsa ta farko a duniya, wadda ya haddace a jirgi don wani dalili dabam: "Akwatin matata ne."

Ademar ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ƙarya kake shara mana." Na saci kallon Elbio gabana na faɗuwa. Kafaɗunsa suna rawa, hawaye na bin kumatunsa, dariya yake yi da rabin bakin da ya rage masa. Ya ce, "Gaskiya ne." Suka sa na ba da wasu biyu. Ashe duk na iya su.

Da ƙarfe biyar ta yi, lokacin da a da yake cewa a ƙaro gawayi, sai Elbio ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ya isa. Gida." Kowa ya zaci wasa ne. Ya ce, "Zulma ta gaji. Ni ma." Ademar ya miƙe yana neman hularsa yana cewa tun da yake cin naman gidan nan ba a taɓa korarsa ba sai yau da ya saya da kuɗinsa. Matan suka wanke komai kafin su tafi, ina zaune.

Kada ki ɗauka komai ya dawo daidai. Likita ya ce hannun ba lallai ya tashi ba. Bronwyn ma ta gaya mini a keɓe cewa maganar za ta ƙaru, amma ba za ta koma kamar da ba. Ranar Talata ta jera masa katunan ta ce ya faɗi abin da ya yi ranar Lahadi. Ya taɓa recibir da convidar ya ce, "Ni." Agasajar ya ce Sanƙo, tun da shi ya kawo nama. Sauran biyun ya tattara ya turo gabana. Bai dai ce ya yafe mini ba, kuma ban tambaya ba.

Jiya da safe na same shi a kicin tsaye gaban kalanda da biro a hannun hagu. Ya yi wa Lahadi ta biyu da ta huɗu alamar gicciye, duk a karkace, ya bar ta yau da ta uku babu komai. Na ce masa ya tsallake biyu. Ya sa yatsa a kan mai alama ya ce, "Tasu." Ya matsar da yatsan kan wadda ya bari ya ce, "Tamu."

Zan tsaya nan, don yau tamu ce, kuma ina jinsa yana jan kujera ta biyu a waje.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zulma